Hancin Mai Sikeli

'Yan uwa mata, ku ajiye abin da ke hannunku ku ba ni aron kunne, domin abin da ya faru a gidanmu makon nan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Ga wadda yau ta fara cin karo da ni: a gida Auta ake ce min, a layinmu kuma 'yar mai turare. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da wana da muke kira Yaya. Akwai kuma wani bawan Allah da nake so, wanda na rubuta wa Mai Sikeli a wayata, kuma saura ƙiris a rufe masa ƙofar gidanmu a kan abin da bai ji ba bai gani ba.

Sai kun san gidanmu za ku gane zancen. Umma turare take haɗawa, sana'ar da ta gada wajen mahaifiyarta. Akwai ɗan ɗaki a bayan kicin, kantoci cike da kwalabe manya da ƙanana, ga mazurari, ga sirinji, ga ɗan sikelin da take auna man turare da shi. Shi kuwa ƙamshi bai yarda iyakarsa ɗakin nan ba. Ya shiga labule, ya kama kujeru, ya zauna a darduma, hatta rimot ɗin talabijin in ka taɓa, hannunka zai wuni yana ba da labari. Daga kwanar layi baƙo yake daina tambayar gidan. Umma kuma ba ta da abin alfaharin da ya wuce wannan. In za a yi baƙo, tun da hantsi za ta bi falo lungu-lungu da feshi, ta rufe tagogi wai don ya kama, sannan ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi ta ce, "Yawwa, yanzu gida ya zama gida."

Baba kuwa mutumin waje ne. Tun da na yi wayo kujerarsa ta roba tana ƙofar gida, rediyo a cinya, hankici a hannu. Mura ce da shi wadda ba ruwanta da zafi ko sanyi, har mun raɗa mata suna murar Baba, kamar wata 'yar uwarmu ta uku. Umma ta dafa masa duk ganyen da aka ce yana magani, ta hana shi ruwan sanyi, ta saya masa hula mai rufe kunne. Shi dai ya sha, ya yi godiya ta hanci, ya koma kujerarsa. In ta yi mitar ya fi son titi a kan iyalinsa, sai ya ce, "Haba Hajiya, ai gadinku nake yi."

To, sikelin Umma ne ya fara yi mata ƙarya, yau ya ƙara gobe ya rage, aka kira mai gyara. Ni na buɗe masa ƙofa. Dogo ne siriri, da riga ruwan toka wadda ta sha guga, da 'yar jaka mai ɗauke da sukudireba ƙanana kamar allura. Na kai shi ɗakin haɗi, bai gama sallama ba ya yi atishawa.

"Allah ya sawwaƙe," na ce.

"Amin. Ko zan iya fita da shi tsakar gida? Haske ya fi a can."

A tsakar gida ya durƙusa ya kwance shi. Ku yarda da ni, ban taɓa sanin kallon mutum yana aiki zai iya sa ƙirji bugawa ba sai ranar. Kowane ɗan ƙusa ya cire sai ya ajiye shi a kan farin ƙyalle bi da bi, ba gaggawa, ba surutu. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Na gaya masa da turaren nan aka yi mana komai, na gaya masa ni ma na iya haɗi, na ce ni da turare mutu-ka-raba, burina in buɗe shagona in sa sunan Umma a sama. Ya ɗago jajayen idanunsa ya ce, "Allah ya cika miki burinki." Ya sake atishawa. Na ce a raina, kaico, kyakkyawan mutum ga mura.

Daga gyaran sikeli aka koma tambayar lafiyar sikeli ta waya, daga nan aka manta da sikelin gaba ɗaya. Komai nasa a aune yake, har magana. In ya ce zai zo bayan la'asar, kafin ki gama ɗaura ɗankwali yana ƙofa. Bai taɓa yi min alkawarin da ya fi ƙarfinsa ba. Rannan na rubuta masa:

"Wai kai ba ka iya kalaman soyayya ba ne?"

Ya amsa: "Na iya guda ɗaya. Ina tsoron in faɗe shi da yawa ya yi sauƙi."

Na kifa wayar a kan filo na yi ta murmushi kamar wata sabuwar kamu.

Ni kuma ta ina zan nuna so in ba ta abin da na iya ba? Duk ranar da zai zo sai in yi wanka da turare, ba da ruwa ba. Na mai a wuyan hannu, na fesawa a hijabi, wani a bayan kunne, wani a gefen siket don iska ta kai masa kafin in ƙaraso. Yadda son yake ƙaruwa haka feshin yake ƙaruwa. Har haɗi na musamman nake yi masa a ƙananan kwalabe, in ɗaura musu zare mai launi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Autar Umma." In na tambaye shi yana amfani da su, ya ce, "Kullum."

Murarsa kuwa ba ta taɓa warkewa ba. A waya muryarsa tas, mai zurfi, mai daɗi. A gabana kuma kamar an cusa masa auduga a hanci. Ni a wautata na ɗauka waya ce take yi wa murya kwalliya. Kuma bai cika son shiga falo ba. Ya fi son ya ja kujera kusa da Baba a ƙofar gida, su yi ta hirar labaran rediyo, kowa da hankicinsa. Umma in ta leƙa sai ta taɓe baki ta ce, "Allah ya haɗa Malam da abokin mura."

Da magana ta fara nauyi, Umma ta ce ita fa ba ta san neman aure a bakin titi ba, ya shigo falo ya zauna kamar ɗan mutane, ya ci abinci a ga kamun ludayinsa. Ranar tun safe ta rufe tagogi. Haɗinta mafi tsada ta fito da shi, wanda sai manyan baƙi take buɗe wa. Ni ma na sa doguwar riga shuɗiya mai ɗinkin zare a wuya, da farin mayafi, na yi feshin da ni kaina sai da na yi tari.

Ya shigo ya durƙusa ya gaida kowa. Kafin in kawo shayi idanunsa sun kaɗa jawur, hawaye na taruwa a gefe, yana ta jan hanci. Umma ta tambaye shi aikin mahaifinsa, ya amsa a hankali kamar mai lalubo kalmomi a ƙasan rijiya. Yaya ya tambaye shi wani abu, ya ce, "Na'am?" har sau biyu. Baba ya fara magana a kan haƙuri a zaman aure. 'Yan uwa, ina tsaye bayan labule ina leƙe, sai na ga kan Mai Sikeli yana sauka sannu a hankali, har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Barci. A gaban Baba, a tsakiyar nasiha. Kofin shayin ya karkace ya ɗiga a dardumar Umma.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yana fita Yaya ya rufe ƙofa ya juyo. "Ni dama ban so in yi magana ba. Da zan shigo na gan shi a kwanar layi. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya ɓalli ƙwaya ya haɗiye, ya fito da wata 'yar kwalba ya shaƙa a hanci. Ku haɗa da jan idon nan da ba ya rabuwa da shi, da jan hanci, da gyangyaɗi. Umma, na ga irinsu da yawa. Yaron nan shaye-shaye yake."

"Ƙarya ne!" na faɗa, ban san lokacin da na fito daga bayan labule ba.

"Ke rufe min baki," in ji Umma. "Yayan naki ne maƙaryaci? Shi ya sa ba ya son shigowa cikin haske a gan shi. Wallahi ban raine ki da wahala don in miƙa wa ɗan ƙwaya ba. Malam, ka yi magana mana."

Baba ya daɗe yana ninke hankicinsa. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya dubi Umma, ya fasa. Can ya ce, "A bar shi ya sake zuwa sau ɗaya, ranar Asabar. In na ga abin da kuka ce kun gani, ni da bakina zan sallame shi." Ya tashi ya koma ƙofar gida.

Washegari da safe ga saƙonsa: "Na kunyata ki jiya. Ki yi haƙuri."

Na rubuta: "Me ka sha a kwanar layinmu?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Daga ƙarshe: "Magani ne."

"Na me?"

Shiru.

Wanki nake yi a lokacin, hannuna duk kumfar sabulu. Shirun nan ya tafasa min zuciya. Na ɗauraye hannu, na fizgi hijabi daga kan igiya, wanda ko ninkewa ba a yi ba balle Umma ta turara shi, na ɗauki 'yar jakata na fita. Tun da na girma ban taɓa taka titi ba turare ba sai ranar, kuma ban ma lura ba.

Ban taɓa zuwa shagonsa ba, kwatance kawai na sani. Ɗan siriri ne, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran takalmi. Sikeli ko'ina: na mahauta a rataye, na masu gwal a cikin gilashi, har da irin na awon jarirai a kan benci. Yana sunkuye da tabarau a goshi. Na yi sallama a fusace, ya ɗago.

Na manta abin da ya kawo ni. Idanun nan da na sani jajaye, farare ne tas. Fuskar ba kumburi, hancin ba ja.

"Autar Umma? Lafiya? Shigo, ga kujera."

Muryar waya ce. Ita ce a gabana, da ranta. Na ce a raina to ko dai Yaya ya yi gaskiya, sai zai zo wurina yake sha don ya samu ƙarfin hali? Na zauna ina haɗa kalmomin da zan jefe shi da su. A nan ne na shaƙi hijabina na ji ba komai sai sabulun wanki. Kunya ta kama ni, kun san halinmu. Na juya masa baya kaɗan, na zaro 'yar kwalbar da ba ta barin jakata, na shafa a wuyan hannu, na goga a gaban hijabi.

Na juyo na ce, "Tambaya na zo yi maka, kuma gaskiya nake so."

"To, ina ji..." Bai ƙarasa ba. Hancinsa ya motsa, ya runtse ido, ya yi wata atishawa da ta sa allurar wani sikeli rawa. Ya sake. Ya sake. Ina zaune ina kallo farin idon nan ya fara rinewa, hawaye ya cika shi, muryar da na gama sha'awa ta toshe ta koma wadda na saba.

Na dubi kwalbar da ke hannuna. Na dube shi. Sai na gane.

Da na kawar da kai, sai idona ya sauka a kan kanta, daidai saitin inda yake zama. Wata babbar kwalba ce mai faɗin baki, an ɗaure murfinta tam, an naɗe shi da salatif. A cikinta ga duk ƙananan kwalaben da na haɗa masa, kowace da zarenta mai launi, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Ka ce kullum kana amfani da su."

"Ina yi," ya ce yana share ido. "Kullum ina kallonsu."

Na tashi na fita bakin shagon, na roƙi mai takalmi ruwa na wanke hannuna, na tsaya daga ƙofa inda iska za ta ɗauke ƙamshin ta yi titi da shi. Daga nan muka yi maganar, ni a waje shi a ciki.

Ya ce tun yana yaro yake da ita. Ba murar ƙwayar cuta ba ce, hancinsa ne ba ya shiri da wasu abubuwa. In bishiyoyi suka yi fure ko aka yanke ciyawa sai ta tashi, amma babu abin da ke tayar masa da ita kamar turare mai ƙarfi. Likita ya ba shi na fesawa a hanci da ƙwayar da ba ta sa barci, su yake amfani da su duk ranar da zai zo wurina. Jiya kuwa tun daga kwana ya ji ƙamshin ya ninka na kullum, ya san ba za su riƙe shi ba, sai ya ƙara da wata tsohuwar ƙwaya mai ƙarfi wadda likitan ma ya hana shi. Ita ta kwantar da shi a gaban Baba.

"Duk watannin nan," na ce, "ni ce nake sa ka ciwo, ka kasa buɗe baki ka gaya min? Kalma ɗaya fa!"

"Ranar farko kin ce ke da turare mutu-ka-raba. Na ga fuskarki lokacin da kike maganar shagon nan mai sunan Umma. Da na faɗa, ko dai ki bar ni, ko ki bar shi. Ban ga wanda zan iya ɗauka a ciki ba."

"To in mun yi aure fa? Haka za ka ƙare da hankici?"

"Gidan da na kama akwai wani ɗaki can bakin ƙofar waje, tagarsa titi take kallo. Saboda shi na zaɓi gidan, duk da ya fi nisa da shago. Nan ne ɗakin haɗinki. In kin gama sai ki sauya hijabi ki shigo. Abin da ya rage kuwa, atishawa ba ta taɓa kashe kowa a danginmu ba."

Ku gaya min tsakani da Allah, wace ce za ta ji wannan bai shiga ranta ba? Mutumin da ake kira ɗan ƙwaya a falonmu, ashe shi yana can yana auna tagogi saboda sana'ata. Na so shi a da, amma ranar ce na ji girmansa ya cika min ido.

Na gaya masa zargin Yaya da maganar Asabar. Bai yi fushi ba, ya ce ko shi ne zai yi zargin. Na tambaye shi ko Baba ya taɓa yi masa maganar murar.

"Bai taɓa ba. Ranar da na fara zama da shi dai ya dube ni ya ce, matso da kujerarka nan, iska ta fi kaɗawa ta wannan gefen."

Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba a lokacin.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar: gaya wa Umma. Na same ta a ɗakin haɗi tana ɗiga mai a kwalba. Na durƙusa a bakin ƙofa na zayyana mata komai, har babbar kwalbar nan mai salatif. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Wato ƙamshina ne cuta."

"Umma, ba haka nake nufi ba. Hancinsa ne..."

"Manyan mutane suna aiko mota takanas saboda haɗina. Yau an wayi gari wani mai gyaran sikeli ya ce shi yake sa shi barci a gaban surukai. Tashi ki ba ni wuri."

Wunin ranar ba ta sake yi min magana ba. Na kai mata shayi, ta bar shi ya huce. Na kwanta da tunanin shi ke nan, na gyara ɓaraka ɗaya na buɗe wadda ta fi ta.

Da gari ya waye ƙarar jan kujeru ce ta tashe ni. Na fito na tarar da Umma a kan tebur, ta ɗaure ƙugu da mayafi, tana sauke labulen falo. Tagogi duk a wangale. Yaya na jan darduma zuwa tsakar gida yana gunaguni.

"Kin tsaya kallona? Ɗauko bokiti da sabulun wanki, wanda ba shi da ƙamshi. Rigunan kujerun nan duk a cire su." Ta sauko tana haki, ta nuna ni da yatsa. "Kada ki ɗauka don shi na yi. So nake in ga idon nasa da kyau. In ya shigo gidan da ba ƙamshi ya yi min jan ido, to ke da shi sai a lahira."

Kwana biyu muna abu ɗaya. Mun wanke bango, mun shanya katifun kujeru a rana, duk wata kwalba da ke falo da ɗakuna an kwashe ta an kai ɗakin haɗi, Umma ta kulle ta toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen tsumma. Ita da kanta ta fito da sabon yadin da ba a taɓa turarawa ba ta ba tela ya ɗinka mana kayan sawa. Na gan ta ta tsaya tsakiyar falo ta ja numfashi kamar yadda ta saba, ba ta ji komai ba, fuskarta ta yi kamar wadda aka yi wa sata. Tausayinta ya kama ni, na kuma san ba ƙaramin abu ta ajiye saboda ni ba. A kwanakin nan Baba a falo ya ci abincinsa tare da mu, har ya zauna kallon labarai, amma hankalin kowa na kan Asabar.

Asabar bayan la'asar ya yi sallama. Farar riga ya sa. Ni ina bakin ƙofar kicin da atamfa mai ruwan ganye, ba ɗigon komai a jikina sai man shafawa mara ƙamshi. Ya durƙusa ya gaida su, ya zauna a ƙasa.

Mutum huɗu mun zuba wa hanci ɗaya ido. Yaya har da matsowa gaba. Shi kuwa bawan Allah ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci. Aka jima. Ba atishawa, ba jan hanci. Umma ta ce, "Ɗago ka dube ni." Ya ɗago. Ta daɗe tana kallon fararen idanun nan, sannan ta ce, "Hmm," ta tashi ta ɗauko tiren shayi.

Yaya ya sosa ƙeya. "Malam, ka yafe ni. Na yi maka mummunan zato."

"Ba komai, Yaya. Ƙanwarka kake karewa."

Baba ya gyara zama ya ce bari ya ƙarasa nasihar da barci ya katse rannan. Aka yi dariya. Ya fara magana a kan haƙuri, cewa wani haƙurin ba a sanar da wanda ake yi dominsa, don in ya sani ya zama bashi a kansa. Yana magana ina jin wani abu baƙo a kunnena, na rasa mene ne. Murya ce mai kauri, a buɗe, tana cika falon. Ban taɓa jin ta ba, amma daga bakin mahaifina take fitowa.

Umma ce ta riga ni ganewa. Tana tsaye da tire a hannu, ta juyo ta kafe Baba da ido.

"Malam."

"Na'am, Hajiya."

"Ina murarka?"

Baba ya kai hannu aljihu. Hankicin yana nan a ninke, da layin gugar da na yi masa shekaranjiya, ko buɗe shi ba a yi ba. Ya dubi Mai Sikeli, Mai Sikeli ya sunkuyar da kai. Ashe su biyun sun daɗe da gane juna a kujerun ƙofar gida.

Umma ta ajiye tiren a hankali. "Tun yaushe?"

"Hajiya, a gaban yara..."

"Na ce tun yaushe?"

Baba ya yi ɗan murmushi irin na wanda aka kama. "Tun ranar da na fara zuwa gidanku. Kin fito da wani farin mayafi, kin ce turaren da ke jikinsa ke kika haɗa da hannunki, kin tambaye ni ko ya yi daɗi."

"Ka ce ya yi."

"Ai ya yi."

Duk ganyen da ta dafa, duk hular sanyin, duk mitar ya fi son titi, na ga suna wucewa ta fuskar Umma ɗaya bayan ɗaya. Ta sa gefen mayafi ta toshe baki, ta juya da sauri ta bi ta kicin. Muka ji ƙarar makulli, muka ji ƙofar ɗakin haɗi ta rufu.

Baba ya miƙe. Ya ajiye hankicin a kan kujera, ya bi bayanta. Ɗakin da ban taɓa ganin ya taka ba tun da aka haife ni, inda turaren gidan gaba ɗaya yake a kulle kwana biyu, nan ya tura ya shiga.

Ba a jima ba atishawar farko ta taso, ta biyu ta biyo ta.

"Fita, Malam!" muryar Umma ce, cikin kuka. "Don Allah fita kafin ka kashe min kanka!"

"Ba inda za ni." Wata atishawar. Sannan ya ɗaga tsohuwar muryarsa ta hanci, wadda muka sani, yadda za ta iso falo. "Auta! Gaya wa yaron nan ya turo manyansa."

Na juya na dubi Mai Sikeli. Idanunsa sun yi ja, hawaye na gangarowa, kuma babu ɗigon turare ko ɗaya a falon.